Ni na kira motar asibiti, amma ni ma sai da na gurfana

Duk wanda ya taɓa yin rajista a jami'a ya san an hana shan giya da ƙwaya a cikin makaranta. Abin da ɗalibai ba su cika sani ba shi ne abin da ke biyo baya idan maganar ta taso: wa ke rubuta rahoto, ina rahoton yake zuwa, me za a tambaye ka, me kake da haƙƙin nema, wa ke yanke hukunci. Ni na bi wannan hanya tun daga farkonta har ƙarshe. Ban sha komai ba. Ɗaki ɗaya muke kwana da wanda ya sha, kuma ni na nemo masa taimako.

Muna aji uku, jarrabawar ƙarshen zango ta matso. Na dawo daga ɗakin karatu dare ya raba, na tarar da abokin ɗakina kwance rigingine a ƙasa, yana wani irin minshari da ban taɓa jin ya yi ba. Na kira sunansa, na girgiza shi, na mintsine shi, ko motsi. Jikinsa ya yi sanyi, ga gumi, leɓɓansa sun sauya launi. Sai ya ja numfashi ɗaya, ya yi shiru har hankalinka ya tashi, sannan ya sake ja. Ɗakin yana warin giya, ga katin wata ƙwaya a gefen katifa an ɓalle kusan rabinsa.

Ihun da na yi ya fito da maƙwabtanmu. A nan aka yi gardamar da ta sa nake wannan rubutu. Ɗaya ya riƙe mini hannu ya ce, “Mutumina, kada ka kira kowa. In masu tsaro suka shigo ɗakin nan, daga kai har shi kun bar makarantar nan ke nan.” Wani ya ce a watsa masa ruwan sanyi. Wani ya ce a ɗura masa kofi mai ƙarfi, barci ne kawai, da safe zai ware. Wani kuma ya ce, “Shekara uku ta karatunsa za ka zubar?” Ina so a fahimce ni, waɗannan ba mugaye ba ne. Ƙaunarsa suke yi. Lissafin karatunsa da fuskar iyayensa suke yi, kuma abin da suka sani game da dokar makaranta shi ne kalma ɗaya: kora.

Na kira asibitin makaranta. Nas ɗin da ta ɗauka ba ta tambaye ni laifin wa ba. Ta ce, “Juya shi ya kwanta a gefensa, ka lanƙwasa gwiwarsa ta sama, ka ɗan ɗaga masa haɓa. Kada ka ba shi komai ta baki. Kada ka bar shi shi kaɗai. Ƙirga mini numfashinsa.” Na ce, “Sista, yana tsayawa sosai kafin ya sake ja.” Ta ce mota na tafe, kuma in tattaro duk abin da na gani kusa da shi in taho da shi. Na san katin ƙwayar nan shaida ce a kansa, amma na sa shi a aljihu, domin in likita bai san abin da ya sha ba, lalube zai yi.

Tiramadol ce, wadda aka fi sani da tiramol. Bayan an shawo kan abin, likitan da ke aikin dare ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da nake ganin ya kamata a yi wa kowane ɗalibi tun makon farko. Tiramol tana cikin dangin magungunan kashe zafi irin su kodin da mofin. Ita da giya duk suna danne sashen ƙwaƙwalwa da ke tafiyar da numfashi, idan suka haɗu kuwa kowace tana ƙara wa ɗayar ƙarfi. Mutum zai iya faɗuwa barci alhali giyar da ke cikinsa ba ta gama shiga jini ba, wato yana kwance abin yana ƙaruwa. In ya yi amai yana rigingine, aman zai iya toshe masa hanyar iska. Ruwan sanyi da kofi ba sa fitar da komai daga jini, ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa abu ma shaƙe shi yake yi. Ya ce numfashin da bai kai 8 a minti ɗaya ba, ko wanda ake samun tazarar daƙiƙa 10 tsakaninsa da na gaba, alamar haɗari ce. Ita tiramol ban da haka tana jawo farfaɗiya. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, amma wadda ake sayarwa a ɓoye guda ɗaya takan ɗauki 200 ko 225. Sun yi masa allurar nalokson, wadda ke warware danne numfashin da irin waɗannan magunguna ke yi, suka sa masa iska, suka kwana suna lura da shi.

Motar asibiti ba ta shiga gidan kwanan ɗalibai da dare sai da jami'in tsaro, don haka kafin gari ya waye rahoto ya riga ya shiga littafinsu. Aka kulle ɗakinmu. Washegari aka buɗe shi a gabana, da dattijon da ke kula da gidan kwananmu, da jami'an tsaro, da wakilin ƙungiyar ɗalibai. Suna bincike suna rubuta duk abin da suka ɗauka. An sami kwalbar giya da sauran katunan ƙwaya a cikin jakarsa, an kuma sami kwalbar maganin tari mai kodin, babu komai a ciki, a kwandon sharar da muke amfani da shi mu biyu. Da aka miƙo mini takardar in sa hannu, dattijon ya ce, “Yarona, karanta tukuna.” Na karanta, na ga an jera kayan ba a faɗi inda aka sami kowanne ba. Na roƙi a ƙara, aka ƙara. Wannan ɗan ƙarin ya yi mini amfani daga baya fiye da duk wata magana da na yi da bakina.

Ba a jima ba wasiƙa ta zo daga ofishin kula da harkokin ɗalibai. Tuhuma biyu ake yi mini: cewa an sami haramtaccen abu a ɗakin da nake zaune, da cewa na san ana karya doka ban kai rahoto ba. An ambaci sassan littafin dokokin ɗalibai da abin ya shafa, an ba ni wa'adin miƙa bayani a rubuce, an ce za a sanar da ni ranar zaman kwamitin ladabtarwa.

Na zauna da littafin na bi sashen shaye-shaye layi-layi. Ya fi yadda ake zato faɗi. Bai tsaya a kan sha ba. Ya haɗa da mallaka ko da ba a sha ba, da ajiye wa wani, da bayar da ɗaki a yi shaye-shaye, da shiga aji ko ɗakin jarrabawa cikin maye, da tuƙi cikin maye a harabar makaranta, da tilasta wa sabon ɗalibi sha da sunan shiga wata ƙungiya, da amfani da maganin asibiti da aka rubuta wa wani. Hukuncin hawa-hawa ne, daga jan kunne a rubuce, zuwa fitarwa daga gidan kwana, zuwa dakatarwa, zuwa kora baki ɗaya. Wanda aka samu yana sayarwa ko rarrabawa, ban da kora, ana miƙa shi ga hukuma. Sai ga sashen da ya kama ni: duk abin da aka samu a ɗaki yana wuyan duk mazauna ɗakin har sai an tabbatar da mai shi.

Akwai wani abu da ɗalibai kan rikita, wato dokar ƙasa da dokar makaranta. Ba abu ɗaya ba ne, kuma ta makaranta takan fi tsauri. A Birtaniya ɗan shekara 18 zai iya sayen giya, a Amurka sai 21, tun bayan dokar 1984 da ta sa jihohi suka koma kan wannan shekara. Amma ko a inda doka ta yarda baligi ya sha, jami'a tana da ikon hanawa a gidajen kwananta, domin da ka sa hannu a takardar rajista ka amince da sharuɗɗanta. A Amurka ma tun 1989 doka ta wajabta wa duk jami'ar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta raba wa ɗalibai da ma'aikata waɗannan dokoki a rubuce kowace shekara, ta kuma yi bitar shirinta duk bayan shekara 2. Su ma magungunan matsayinsu yana canzawa. A 2014 Birtaniya da Amurka suka sa tiramol cikin magungunan da doka ta tsaurara, a 2018 Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Abin da wani ya saba ɗauka a matsayin magani kawai zai iya zama abin da zai kai shi gaban kwamiti, har ma gaban alƙali.

Jami'in walwala na ƙungiyar ɗalibai ne ya nuna mini yadda ake rubuta bayanin. Ya ce in rubuta abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji, bi da bi yadda suka faru, in bar zato da hasashe, in haɗa da hoton allon wayata mai nuna lokacin da na kira asibiti, in riƙe kwafi, kuma in tabbata an buga mini hatimin karɓa. Rubutun kansa bai yi wuya ba. Abin da ya yi mini nauyi shi ne sunan abokina da zai fito a kowane sakin layi. Na je wurinsa a asibiti kafin in miƙa. Na ce, “Aboki, zan faɗi abin da na gani. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.” Ya ce, “Faɗi. Ni ma zan gaya musu babu ruwanka.” A ranar ya ba ni labarin yadda abin ya soma. Likita ne ya fara rubuta masa tiramol bayan ya ji rauni a gwiwa wajen ƙwallo. Ciwon ya tafi, shi bai daina ba, don ya ga tana sa shi ya daɗe yana karatu bai gaji ba. Guda ɗaya ta daina isarsa. Da barci ya ƙaurace masa sai ya fara neman abin da zai kwantar da shi, daga kodin har giya. Duk ranar da ya yi niyyar bari sai jikinsa ya ɗauki ciwo, da hamma, da zawo, da fargabar da bai san daga ina take ba.

Saboda kwalbar nan ta kwandon shara, aka ce in yi gwajin fitsari. An ba ni takardar amincewa, an kuma gaya mini cewa ina da ikon ƙi, amma za a rubuta cewa na ƙi kwamiti ya gani. Na amince. Kafin komai ma'aikacin ɗakin gwaji ya tambaye ni duk maganin da na sha a kwanakin baya, har na mura. Na tambayi dalili, ya ce gwajin farko na tacewa ne kawai, ɗan tsinke ne da ake tsomawa ya ba da amsa cikin mintuna, kuma yana iya kuskure. Wasu magungunan mura da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta sukan sa ya nuna akwai abu alhali babu. Shi ya sa idan ya nuna akwai, sai an tura ɗakin gwaji mai na'urar da ke tantance ainihin sinadarin. Ya duba ɗumin fitsarin don tabbatar da cewa ba da shi aka zo ba, ya raba shi gida biyu, ya liƙe kowanne a gabana, na sa hannu a kan liƙin. Na biyun ajiya ne, in mutum ya yi jayayya a sake gwadawa.

Ya ƙara mini da abin da ban zata ba. Gwajin gama-gari na dangin mofin yana kama kodin, amma sau da yawa ba ya kama tiramol, ita sai an nemi nata daban. Giya takan bar jiki cikin sa'o'i, kodin cikin 'yan kwanaki, wiwi kuwa a jikin wanda ya daɗe yana sha kullum zai iya kai wata guda yana fitowa. Wato gwajin yana faɗin abin da ya ratsa jiki a kwanan nan ne kawai. Ba ya faɗin ko mutum yana cikin maye a lokacin da ake zargi, ba ya kuma faɗin ko ya kamu da jaraba. Nawa ya fito babu komai. Amma tun ranar na ƙudurta a raina cewa duk makarantar da ta kori ɗalibi bisa gwajin tsinke kaɗai, ba tare da tantancewa ta biyu ba, ta zalunce shi.

Asibitin ya kira mahaifin abokina tun a daren, tunda shi ne sunan da ke takardar gaggawa. Makarantu sun bambanta a kan sanar da iyaye idan ba gaggawa ba ce. A Amurka, misali, gyaran doka na 1998 ya ba jami'a damar sanar da iyayen ɗalibin da bai kai 21 ba idan ya karya dokar giya ko ƙwaya. Da mahaifin ya zo ya neme ni. Ya ce, “Ɗana, kai ne ka kira?” Na ce, “Ni ne, Baba.” Ya sa mini albarka, sannan ya tambaye ni ko ciwon gwiwar da yaron yake ta faɗa masa gaskiya ne. Na ce gaskiya ne, na ga takardar likita da idona a farkon shekara. Ya ce to shi abin da yake so ya sani ke nan, ko ɗansa ya fara ne da ƙarya ko da ciwo.

Ranar zama aka shigar da mu ɗaya bayan ɗaya. Wani farfesa ne shugaba, ga lauyan jami'a, ga likita, ga shugaban tsaro, ga wakilin ofishin harkokin ɗalibai, ga ɗalibi guda daga ƙungiya, ga sakatare yana rubutu. An yarda in zo da wanda zai zauna kusa da ni, amma ba zai yi magana a madadina ba. Lauyan ya fara da cewa nan ba kotu ba ce. Kotu ba ta hukunta mai laifi sai hujja ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, su kuwa abin da suke dubawa shi ne wane ɓangare ne ya fi rinjaye. Wannan bambanci babba ne, kuma gara ɗalibi ya san shi kafin ya shiga.

Aka karanta tuhumar, aka tambaye ni ko na fahimta. Tuhuma ta farko ba ta ɗauki lokaci ba. Takardar bincike ta nuna giya da ƙwayar a jakarsa suke, gwajina ya fito fes, shi kuma ya riga ya rubuta cewa kwalbar kwandon shara tasa ce. Farfesan ya dube ni ya ce, “Ka ga dai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.” Na ce, “Haka ne, ranka ya daɗe, sai dai makaranta ce ta haɗa mu ɗaki.” Bai ji haushi ba, ya ce a ci gaba.

Ta biyun ce aka daɗe a kai. Shugaban tsaro ya tambaye ni ko na san yana shan ƙwaya. Na ce na sha ganin yana haɗiyar magani, ya ce mini na gwiwa ne, kuma a 'yan makonnin ƙarshe na lura barcinsa da cin abincinsa sun rikice, na yi masa magana ya je asibiti. Ya ce, “To me ya hana ka kawo rahoto?” Na ce, “Yallaɓai, ƙofa ɗaya littafin ya nuna ta kai rahoto, ita ce ofishinku, kuma daga ofishinku nan ɗakin ake zuwa. Babu inda aka rubuta wurin da ɗalibi zai kai abokinsa da yake zargin ya kamu, a taimake shi ba tare da an fara da hukunci ba.” Likitan ta ce wa sakatare ya rubuta wannan yadda na faɗe shi. Na kuma ba su labarin gardamar da aka yi a bakin ƙofarmu. Aka nemi sunayen waɗanda suka ce kada a kira, na roƙi a yafe mini, domin in aka hukunta su, gobe ko fitowa ba wanda zai yi idan ya ji ihu. Farfesan ya ce a bar maganar.

Kwamitin ba ya yanke hukunci da kansa, shawara yake miƙawa sama a amince. Da wasiƙar ta fito, an wanke ni daga tuhumar mallaka. A ta biyun an ba ni jan kunne a rubuce, da umarnin in ga mai ba da shawara. Abokina an dakatar da shi zango biyu, an kuma hana shi gidan kwana.

Ɗaukaka ƙara yana da wa'adi gajere, kuma ba a karɓar “ku ji tausayina” kawai. Sai dai ka kawo sabuwar hujja, ko ka nuna an saɓa ƙa'ida wajen zaman, ko ka nuna hukuncin ya fi laifin nauyi. Abokina ya bi ta na ukun. Ya haɗa rahoton likita, da takardar asibitin da ya fara rubuta masa maganin, da shaidar cewa ya shiga shirin jinya, ya kuma nuna cewa wannan ne karon farko kuma babu zargin sayarwa. Aka rage zuwa zango ɗaya, da sharaɗin kawo rahoton jinya kafin sabuwar rajista da yarda a gwada shi ba tare da sanarwa ba. Nawa jan kunnen an bar shi, aka ce ba zai fito a takardar sakamakona ba, kuma za a cire shi daga fayil idan na kammala.

Na je wurin mai ba da shawarar ne don cika umarni, amma zaman ya fi duk sauran matakan amfani. Ta fara da gaya mini cewa abin da za mu tattauna ba zai koma wa kwamiti ba, su dai za a sanar da su cewa na zo, sai fa in akwai barazana ga rai. Ta yi mini tambayoyi 10 na AUDIT, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta samar don gane shan giya mai haɗari, wanda maki 8 zuwa sama ke nuna akwai abin dubawa. Ta ce kowa ake yi wa, ko da bai taɓa sha ba. Daga nan ta tambaye ni yadda nake barci tun daren. Ita ce mutum ta farko a duk wannan tafiya da ta yi mini wannan tambaya, kuma gaskiya ba na barci sosai. Ta kuma gargaɗe ni kada in matsa wa abokina ya yanke tiramol rana ɗaya, a hankali ake rage ta ƙarƙashin kulawar likita.

Na ce mata, “Malama, abin da ke damuna shi ne, yanzu a gidan kwananmu cewa ake yi, ga wanda ya kira ma sai da aka ja shi.” Ta ce ta sani, kuma akwai jami'o'in da suka daɗe da gane wannan. Jami'ar Cornell ta Amurka ta kafa tsari a 2002 wanda ya ce idan aka kira taimakon gaggawa saboda giya, ba za a bi mai kira da wanda aka kira dominsa da hukuncin da aka saba ba, wanda ya sha za a tura shi ganin mai ba da shawara ne. Binciken da aka yi bayan haka ya nuna kiran neman taimako ya ƙaru. Jami'o'i da yawa sun bi sahu. Ta kuma ba ni labarin ɗalibi ɗan shekara 19 a jihar Pensilvaniya, wanda a Fabrairun 2017 aka sa shi shan giya mai yawa a daren shiga wata ƙungiyar ɗalibai, ya faɗo daga matattakala, waɗanda ke tare da shi suka yi kusan awa 12 kafin su kira motar asibiti. Ya rasu. A 2018 jihar ta yi dokar da ta tsananta hukuncin irin wannan tilastawa, ta kuma ba da kariya ga wanda ya kira taimako.

Ni ban ce a sassauta haramcin ba. Na ga abin da ƙwaya ta yi wa yaro mai ƙoƙari, kuma wanda ya sayar masa da ita, in ɗalibi ne, ban ga dalilin da zai sa ya ƙara kwana a makaranta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya kaɗai ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Makarantar da ta tara dubban matasa wuri ɗaya dole ta sa doka, ta kuma tsaya a kanta. Mutanen kwamitin ma ban ga mugunta a tare da su ba, abin da ke rubuce suka bi. Matsalar tana cikin rubutun. Doka tana koyar da ɗalibai abin da za su yi a daren da abu ya faru, kuma tamu, yadda take a yanzu, shiru take koya musu.

Shi ya sa muka rubuta takarda ta hannun ƙungiyar ɗalibai zuwa kwamitin bitar dokoki, likitan nan ta kwamitin ladabtarwa da mai ba da shawarar suka duba mana ita. Mun nemi a ƙara sashen da zai kare wanda ya kira taimakon gaggawa, muddin ya faɗi sunansa, ya tsaya tare da marar lafiyar har ma'aikata su iso, ya kuma faɗa musu gaskiyar abin da aka sha. Mun nemi a buɗe ƙofa ta biyu ta asibiti ko ofishin ba da shawara, inda ɗalibi zai kai kansa ko abokinsa ba tare da an buɗe masa fayil ɗin ladabtarwa ba. Mun kuma nemi a rubuta ƙarara cewa ba a hukunci da gwajin farko sai an tantance. Shugaban tsaro ya ce yana tsoron abin ya zama mafakar masu laifi, duk wanda ya ga za a kama shi sai ya ɗaga waya. Damuwarsa tana da tushe, don haka muka yarda kariyar ba ta shafi sayarwa, ko duka, ko cin zarafi, ko tuƙi cikin maye, ko wanda ya mai da abin al'ada ba.

Sun karɓi batun tantance gwaji da na ƙofa ta biyu ba tare da doguwar muhawara ba. Sun kuma yarda a kare mai kira. Inda muka tsaya shi ne wanda aka kira dominsa. Su suna ganin in aka kare shi ma, babu sauran abin da ya rage na dokar. Mu kuma mun ce ba a sake shi haka nan ba, jinya da gwaji da sa ido duk suna kansa, in ya ƙi bi hukunci ya hau shi. Hujjata ita ce abin da na ji da kunnena a bakin ƙofarmu: wanda ya ce “shekara uku ta karatunsa za ka zubar” ba kansa yake ji wa tsoro ba, abokinmu yake ji wa. In aka kare mai kira aka bar wanda ke kwance, wannan maganar za a sake faɗinta, kuma za a sami wanda zai saurare ta. An ɗage wannan sashe zuwa zaman da za a yi kafin rajistar sabbin ɗalibai, kuma likitan ta ce za ta zo da alƙaluman asibiti na lokutan da ake kawo irin waɗannan ɗalibai da halin da ake kawo su a ciki.